SARARIN SAMA: Fitilar goshi wadda ba ta korar taurari

Daga ɗaukewar ruwa zuwa saukowar hazo, wato daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba, sama takan wanke tas a ƙasar Adar da ta Ƙonni. Damina ta kwantar da ƙura, hadari ya tafi, sanyi bai riga ya yi tsanani ba. Wanda ya fita bayan gari a Illela ko Tajaye ko Bazaga, a daren da babu farin wata, zai ga taurari sun cika sama har ƙasa-ƙasa, kamar an watsa gero bisa baƙin zane. Babu lokacin da ya fi wannan kyau ga mai son ya koyi sunayensu, ko ya koya ma ƴaƴanshi.

Amma a shekarun ga wata magana ta yawaita bakin dattawa. Suna cewa yaran yanzu ba su san tarmamu ba, wasu ma har suna cewa taurarin ne sunka ragu. Taurari ba su ragu ba. Abin da ya ƙaru shi ne haske a gaban idon mutane, kuma mafi kusa da idon duka ita ce fitilar goshi.

Wannan fitila ta shiga ko'ina. Mai ban-ruwan albasa a Galmi shina ɗaure da ita tun kafin asuba. Mai tsire da mai shayi a tashar Tsarnawa, mahauci, mai gyaran babur, makiyayin da ke duba garke da dare, uwargida a madafa, kowa da tashi. Tun da anka fara haƙar zinari a Jado cikin 2014, samarin da ke tafiya can sun saba da manyan-manya masu harbi nesa. Fitila ce mai amfani, domin tana barin hannu biyu su yi aiki. Sai dai wadda ta dace da ramin zinari ba ita ce ta dace da kallon sama ba. Mai son taurari shina buƙatar ya san wadda zai saya, da yadda zai riƙe ta.

ABIN DA ZA A RASA

Sanin taurari ba wasan yara ba ne a wannan ƙasa. Malaman lissafi suna raba shekara ga taurari 28, kowane shina da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. Bakwai daga cikinsu na damina ne: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Manomin da bai taɓa riƙe kalanda ba ya san Kaza da ƴaƴanta, wadda malamai ke kira Surayya. Takan ɓace a yamma wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ta yi kamar kwana 40 ba a ganinta, sannan ta bayyana a gabas da asuba cikin Yuni, daidai lokacin da ake sauraron ruwan shuka. Abzinawan Kel Geres, masu kai raƙuma Bilma ɗaukar gishiri, suna da nasu sunaye: Kaza ita ce Shat Ahad, ƴan matan dare, babban tarin nan mai taurari uku a jere shi ne Amanar, ja-gaba, bakwai ɗin arewa kuwa Talamt, wato taguwa.

Wannan sani daga baki zuwa kunne shike tafiya, a waje, cikin duhu, da yatsa a miƙe. In duhun ya gushe, darasin ya gushe. A 2016 masana sun fitar da taswirar hasken dare na duniya duka. Sun nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba su iya ganin farar hanyar nan mai kama da hayaƙi wadda ta ratsa sama, saboda hasken birane. A Turai mutum 60 cikin 100 ne sunka rasa ta, a Amurka ta Arewa wajen 80 cikin 100. Ƙasashen da sunka fi kowa duhu mai kyau su ne Cadi da Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Ƙauyukan Illela da Malbaza suna da irin wannan duhu kyauta, wanda Bature ke biyan kuɗin jirgi domin ya gan shi. Hasara ce mutum ya ɓata shi da fitilar da ya saya da kuɗinshi.

YADDA IDO KE SABAWA DA DUHU

Kowa ya san in an fito daga ɗaki mai haske zuwa tsakar gida, da farko ba a ganin komi, sai an jima. Ga dalili.

Ɗan baƙin nan na tsakiyar ƙwayar ido ƙofa ce. Cikin duhu tana buɗewa, har ta kai faɗin milimita 7 ga saurayi, wajen 5 ga dattijo. Wannan shina faruwa nan da nan, amma ba shi ne babban aikin ba. A bangon bayan ido akwai ƙananan ƙwayoyi iri biyu masu karɓar haske. Iri na farko, wajen miliyan 6, na rana ne. Su ke bambanta launi, su ke karatu. Iri na biyu, fiye da miliyan 90, na dare ne; ba su san launi ba, amma suna jin haske komi ƙanƙantarshi. Shi ya sa cikin duhu jan zane da shuɗi duk baƙi-baƙi ake ganinsu.

Ƙwayoyin dare suna aiki da wani sinadari wanda haske ke cinyewa. In mutum ya shiga duhu, jiki shina sake tara shi sannu a hankali, kamar yadda ruwa ke taruwa a rijiya bayan an kwashe. Minti 10 na farko ƙwayoyin rana ne ke ta ƙoƙari. Daga nan na dare su karɓa. Sai an yi minti 20 zuwa 30 kafin ido ya kai kusa da iyakar ƙarfinshi, kuma shina ci gaba da ƙaruwa kaɗan-kaɗan bayan haka. A lokacin ido ya fi yadda shike da rana jin haske sau dubbai.

To, abin da anka tara cikin rabin awa, farin haske mai ƙarfi shina zubar da mafi yawanshi cikin ɗan lokaci. Aboki ya juyo da fitila a goshi domin ya yi magana, ko mutum ya ciro salula domin ya duba lokaci, shi ke nan, sai a koma jira. Wanda ke kunna fitila kowane minti biyar bai taɓa ganin saman da kakanshi ya gani ba, ko da a fili ɗaya sunka tsaya.

Akwai hanyar gwadawa mai sauƙi. A ƙidaya ƴaƴan Kaza da zarar an kashe fitila: da ƙyar a samu biyar ko shida. A zauna rabin awa a sake ƙidaya. Mai ido lafiyayye zai samu bakwai, wani tara, wani ma fiye. A gaskiya sun haura dubu, amma sauran sai da madubin hangen nesa. Kuma ƙwayoyin dare ba su a tsakiyar ido, a gefe suke. Tauraron da ya dushe, in an kalle shi kai tsaye sai ya ɓace; in an ɗan karkatar da ido gefenshi sai ya fito. Makiyaya sun daɗe da sanin wannan dabara.

JAN HASKE

Ƙwayoyin dare kusan makafi ne ga jan haske mai duhu, irin jan garwashin da ya kusa mutuwa. Na rana kuwa suna ganinshi. Saboda haka da ɗan jan haske mutum zai iya duba takarda, ko neman takalmi, ko zuba shayi, ba tare da ya zubar da abin da idonshi ya tara ba. Wannan ne ya sa masu binciken taurari a duniya duka ke aiki da jar fitila.

Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, jan ya zama ja sosai, ba ruwan lemo ba, ba ruwan hoda ba. Ana gane shi da ɗanyen ganye ko shuɗin ƙyalle: in an haska su sunka zama baƙi, jan na kirki ne, in korensu ko shuɗinsu ya fito, akwai farin haske a ciki. Na biyu, ya zama kaɗan. Jan haske mai ƙarfi shi ma shina kashe ido. Wasu fitilun suna da ja mai haska bango daga taku ashirin. Wannan na masu babur ne da masu tsaron hanya. Wanda ake so shi ne wanda da ƙyar zai bari a karanta rubutu a tafin hannu. In mai shi ya ce «ai wannan ba ta da haske», to ita ce.

Wani ɗan abu: jan rubutu bisa farar takarda ɓacewa shike yi ƙarƙashin jar fitila. Malamin lakkwal da ke son zana ma ɗalibai taswirar sama sai ya yi ta da baƙin biro.

KUBUBUWA BA TA SAN DA WANNAN BA

A nan ne shawarar littattafan Turai ke gazawa. Can ana cewa mai kallon taurari kada ya kunna farin haske ko kaɗan. Wanda ya bi wannan a gonar da anka gama yankan gero, kusa da tarin kara, shina wasa da ranshi. Kububuwa, wadda ake ma kirari da gobe-da-nisa, da dare take fita, musamman farkon dare. Ba ta cika wuce santimita 60 ba, launinta launin ƙasa ne, kuma ƙarƙashin ɗan jan haske ba a bambanta ta da guntun itace ko igiya. Kasa ma haka, ita da ba ta gudu in ta ji taku. Kunama kuwa tana son ƙarƙashin tabarma da cikin takalmin da anka ajiye.

Don haka fitilar da ta dace da ƙasar nan dole ta zama mai haske biyu, fari da ja. Da fari ake tafiya, da fari ake duba wuri. A zaɓi fili mai tsabta, fako ko masussuka da anka share, nesa da tarin kara da duwatsu da ramuka da gindin rumbu. A haska ko'ina, a kaɗe tabarma, a shimfiɗa, kowa ya zauna, sannan a kashe. Daga nan sai ja kawai, kuma ba a yawo. Wanda buƙata ta kama shi ya tashi, ya sanar da sauran su rufe ido, ya juya baya, ya kunna fari ya tafi da takalmi a ƙafa. Rabin awa na jira ba komi ba ne in an auna shi da saran maciji. Shi ma in ya rufe ido ɗaya da tafin hannu muddin farin na kunne, wannan idon zai riƙe duhunshi, domin kowane ido da nashi lissafi.

In tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau da igiya. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa gidan likita a daren, ko da ya ce ba ya jin komi. Dafin kububuwa shina hana jini daskarewa, kuma sau da yawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu ɓarnar ke bayyana. 

A GABAN MAI TEBUR

Kasuwannin Ƙonni da Badagishiri da Illelar Najeriya cike suke da fitilun goshi iri-iri, mafi yawa daga Sin. Duka suna aiki da ƙananan ƙwai da ake kira LED. Ja ne anka fara ƙerawa, a Amurka cikin 1962. Shuɗi ya ba masana wuya har farkon shekarun 1990, lokacin da mutum uku ƴan Japan sunka gano shi, abin da ya sa anka ba su kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗin ne anka samu fari. Shi ya sa farin waɗannan fitilu ke da shuɗi-shuɗi a ciki, kuma shuɗi da kore su ne launukan da ƙwayoyin dare sunka fi ji. Tsohuwar tocila mai ƙwan zare, mai haske rawaya-rawaya, ba ta kai su kashe ido ba.

Abu na farko da za a duba shi ne makunni, kuma shi ne mutane ba su dubawa. Fitilu da yawa suna da makunni guda: dannawa ta farko fari mai ƙarfi, ta biyu fari mai rauni, ta uku walƙiya, sai ta huɗu ja. Irin wannan, ko da an rubuta ja a kwalinta, ba ta da amfani ga mai kallon sama, domin kafin ya kai ga jan ya riga ya makance sau uku, shi da na kusa da shi. Wadda ake nema ita ce mai makunni biyu, ɗaya na fari ɗaya na ja, ko wadda ke tuna inda anka kashe ta, ta tashi a nan. Ba a gane wannan daga kwali. Sai mai saye ya ce: «Alhaji, a yi haƙuri a sa mata pil in gwada.» Ya kai ta ga ja, ya kashe, ya ƙidaya goma, ya kunna. In ta tashi da ja, madalla. In ta tashi da fari, ya mayar, ya nemi wata. Mai tebur na kirki ba ya jin haushin wannan.

Akwai kuma wani sabon yayi, fitila mai kunna kanta in an wuce da hannu ta gabanta. Ga makaniki mai hannu duk baƙin mai, alheri ce. Ga mai nuna taurari da yatsa, fitina ce: duk ɗaga hannu sai ta watso haske. In ba a iya kashe mata wannan hali, a bar ta. Haka nan masu ɗan shuɗin haske ko kore da ke nuna sauran caji, da masu jan haske a ƙeya. Ana iya rufe waɗannan da baƙin salatif.

Ƙarfin haske ana auna shi da lumen. Kyandir guda shina ba da wajen lumen 12. Domin tafiya a hanyar gona da duba tabarma, 50 zuwa 100 sun isa. Domin ja, ƙasa da 5. Lambobin da ake bugawa a kwalin fitilu masu araha, dubu biyar, dubu goma, ba abin dogara ba ne, kuma ko da gaskiya ne ba a buƙatarsu. Mai saye kada ya ƙara ko dala ɗaya saboda su. Gara ya duba ko kan fitilar shina lanƙwasawa ƙasa ya tsaya inda anka sa shi, domin hasken ya faɗi gaban ƙafa, ba fuskar mutane ba. Ya ja maɗaurin ya ga ko robar tana da rai. Fitila mai nauyi tana sa ciwon kai ga wanda zai daɗe da ɗaga fuska sama.

Sai maganar pil da caji. Ƙananan fitilu suna cin pil uku ƴan sirara. Amfaninsu shi ne ana samun pil a kowane teburin ƙauye, kuma ana iya riƙe na ajiya cikin aljihu. Illarsu kuɗi ne: wanda ke canji kowane mako biyu, pil 78 zai saya a shekara. Amma ɗan jan haske ba ya cin komi. In don kallon taurari ne kawai, pil uku suna kai mutum watanni. A cire su in za a ajiye fitila, domin masu araha suna zubar da ruwa mai cin ƙarfe. Matattun kuma kada a bar ma yara su fasa, kada a jefa kusa da rijiya.

Masu caji sun fi sauƙi ga wanda ke kusa da wuta ko shina da faifan sola a gida. Malbaza ta samu tashar wutar rana mai ƙarfin megawat 7 a watan Nuwamba 2018, ta farko irinta a Nijar, amma ƙauyuka da yawa caji sai wajen mai cajin salula. A zaɓi fitila mai bakin caji irin na salular da ke gida, domin waya ɗaya ta isa. In batirinta irin dogon nan ne mai lamba 18650 wanda ake cirewa, ya fi, domin in ya mutu ana canza shi a bar fitilar. A san kuma cewa mafi kyawun wannan batir bai wuce wajen 3.500 ba a ma'aunin da ake rubutawa mAh. Wanda anka rubuta ma 9.900, ƙarya ce a jikinshi. Zafi shi ne maƙiyinshi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, kada a bar shi bisa kwano, ko cikin akwatin babur a rana. In ya kumbura, an gama da shi.

Ruwa bai cika damun mai kallon taurari ba, tun da ba a kallo cikin hadari. Ƙura ce matsala. In an ga IPX4 a kwali, yayyafi take jurewa, ba a gwada ta da ƙura ba. In an ga IP65 ko IP67, lambar 6 ɗin tana nufin ƙura ba ta shiga. Wanda bai samu ba, ya ajiye tashi cikin leda ko gwangwani mai murfi.

WANDA YA RIGA YA SAYI FARA

Ba sai ya sake saye ba. Jar leda ninki uku ko huɗu, a ɗaure a bakin fitilar da robar tayar keke, tana yin aiki. Jan ƙyalle mai kauri ma haka, da fasasshen murfin jar fitilar bayan babur. Wasu suna shafa jan farce a gilashin wata tsohuwar tocila, shafi biyu ko uku, su keɓe ta domin wannan. Kowace anka yi, a gwada ta da ganye kamar yadda anka faɗa, a ƙara ninki har koren ya mutu, kuma a sa fitilar a mafi raunin haskenta. Idan an yi haka sai a riƙe tocila ta biyu, fara, domin hanya.

Cikin taro, fitilar goshi ta fi kyau a wuya. A sassauta maɗaurin a rataya ta kamar laya, bakinta na duban ƙasa. Mai ita a goshi duk wanda ya kalla sai ya haske mashi ido, kuma haska fuskar babba rashin ladabi ne ko ba a zancen taurari.

Zamanin ma ya canza. A yankunan bakin iyaka, haske mai yawo a daji da tsakar dare shina tada hankalin mutane da na masu tsaro. Kada a yi nisa da gari. Bayan makaranta ko filin idi ya isa, in dai an ba fitilun gari baya. A gaya ma mai gari tun da rana, a tafi cikin jama'a. Kada a ɗauki bindiga ko kare, domin dokar farauta ta 1998 ta hana farautar dare da fitila, kuma ma'aikatan gandun daji ba su da hanyar sanin wanda ya zo kallon Kaza da wanda ya zo neman zomo.

YARON DA BAI GA KOMI BA

Wani lokaci za a zauna rabin awa, kowa na ƙidayar taurari, yaro guda na cewa: «Baba, ni ban ga komi ba.» Kada a ce mashi ya cika wasa. A lura ko shina tuntuɓe da magariba, ko shina lalube kafin ya samu akushi. In haka ne, dundumi ne. Sinadarin nan da ƙwayoyin dare ke tarawa, da bitamin A jiki ke yin shi. Wani masani ɗan Amurka, George Wald, ya samu kyautar Nobel a 1967 saboda bayyana haka. In bitamin ɗin ya yi ƙaranci, ganin dare ne ke fara tafiya. Shina kama yara ƙanana da mata masu ciki, musamman ƙarshen rani da bayan ƙyanda. In an bar shi, idon kan bushe har ya lalace. Tsofaffi da ke ba mai dundumi gasasshiyar hanta sun yi daidai, domin hanta ta fi kowane abinci wannan bitamin. Akwai shi kuma a ƙwai da man shanu da manja, da zogale da karas da kabewa da mangwaro. Tun 1997 Nijar ta fara haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan-inna. Yaron da ya nuna alamar dundumi a kai shi gidan likita, ba a jira ranar rabo.

DAREN 13 DA 14 GA DISAMBA

Kwanakin da sunka fi dacewa a kowane wata su ne daga wajen 23 ga watan sama zuwa 3 ko 4 ga sabo, lokacin da farkon dare ba shi da farin wata. Da magariba a fara da arewa. Tauraron da ba ya gusawa shina nan ƙasa-ƙasa: in an miƙe hannu an dunƙule, dunƙule ɗaya da rabi ne daga ƙasa a Illela. Ba shi da haske sosai, shi ya sa mai farar fitila a goshi ke neman shi ya rasa. Kaza tana gabas, ta riga ta hau. Bayan lisha Amanar zai biyo ta da taurarinshi uku a jere, sannan wanda ya fi duka haske ya biyo bayansu. Can kudu, in dare ya raba, Suhailu na ƙyalli kusa da ƙasa.

In an ga ɗigon haske suna tafiya a jere kamar ayarin raƙuma, ba tare da ƙara ba, ba abin tsoro ba ne. Taurarin ɗan Adam ne na kamfanin Starlink, wanda ya fara harba su da yawa a watan Mayu 2019. In sabbi ne sukan bi juna kafin su warwatsu.

A daren 13 da na 14 ga Disamba na kowace shekara duniya tana ratsa ƙurar da wani dutsen sama mai suna Phaethon ya bari a hanyarshi. Ƙwayoyin, mafi yawansu ba su fi tsakuwa ba, suna shigowa da gudun kilomita 35 a daƙiƙa, su ƙone tun suna sama da nisan kilomita 80. Su ne ake gani kamar taurari na faɗuwa. A shekarar da daren ya zo babu farin wata kuma hazo bai yi kauri ba, mai idon da ya saba da duhu zai iya ƙidaya fiye da 50 cikin awa guda, daga ƙarfe goma har asuba. Ba a buƙatar madubi. A kwanta rigingine bisa tabarmar da anka duba, da bargo, ƙafa na duban gabas. Mai riƙe da lissafi ya ja layi a takarda duk wanda ya faɗi, da baƙin biro, ƙarƙashin ɗan jan haske.